Ranar da Lamba Biyar Ta Canja Ma'ana

Abubuwa da dama sun same ni a shekarun da na yi ina aiki, kuma yawancinsu sun bi ruwa, wasu ma sai an tuna mini nake cewa af, haka fa aka yi. Amma akwai wata rana guda ta cikin marka da nake jin ko tsufa ya cinye mini hankali ba za ta fita daga raina ba.

Ni haifaffiyar Funtua ce. Iyayena 'yan kasuwa ne da suka zo daga kudu tun kafin a haife ni, mahaifina yana sayar da kwanuka da fitilu a kasuwa, mahaifiyata kuma tana tuyar ƙosai a ƙofar gida. Da Hausa na tashi, da ita nake faɗa, da ita nake mafarki. Bayan na gama koyon buga tafireta, sai na sami aiki a wata ma'aikata da ke harkar iri da taki da hatsi a wannan yanki namu. A shekarun alif ɗari tara da tamanin ne, tun muna ƙarƙashin jihar Kaduna. Ban daɗe da fara aiki ba aka kawo mana na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda yanzu ko yaro ya san ta da kwamfuta. A lokacin abin kallo ce. Ɗaki guda aka ware mata, aka sa mata iyakwandishan, mai shiga kuwa sai ya tuɓe takalmi. Mu biyu aka ɗora wa kula da ita, ni da shugaban sashenmu, wani mutumin Dandume da ya yi karatu a Zariya. Mutum ne mai shiru-shiru, ba ya ɗaga murya. Kowa Oga yake ce masa, ni kuwa Yallaɓai nake cewa.

Sai na ɗan yi bayanin aikin, in ba haka ba ba za a gane abin da ya faru ba. Muna da babban sito a Malumfashi, wanda ya girmi na'urar nesa ba kusa ba. Tun can da, kowane irin hatsi a siton nan yana da lambarsa, an rubuta ta a kati, an kuma buga ta da fenti a jikin buhu. Ita ma hedikwata tana da nata lambobin daban, waɗanda ake rubuta oda da su. Da na'ura ta zo, maimakon a sake fentin dubban buhuna, sai ni da Oga muka zauna muka tsara wani jadawali a cikinta. Jadawalin nan shi ke cewa lamba kaza ta hedikwata, ita ce lamba kaza ta sito. In oda ta zo, na buga lambar hedikwata, na'ura ta duba jadawali, ta fitar da takardar lodi da lambar da mai sito ya sani. Tafinta muke ce wa jadawalin, don aikinsa ke nan. Mun duba shi layi-layi ranar da muka gama, babu kuskure ko ɗaya, kuma ya daɗe yana aiki lafiya lau har muka daina tunawa da shi.

A jerin hedikwata, lamba huɗu dawar ci ce, lamba biyar kuma dawar iri. Tsakanin biyun nan akwai rai da mutuwa. Dawar iri ana gauraya ta da wani garin magani mai guba don kada gara da tsutsa su cinye ta a ƙasa kafin ta tsiro. Da ido ba ka cika bambance ta da ta ci ba, sai dai ka ga ta ɗan yi toka-toka, kamar ta daɗe a rumbu. Buhunan ma iri ɗaya ne, in ban da lamba da wani jan layi a gefe, waɗanda ma'aikatanmu kaɗai suka san ma'anarsu.

Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, saboda haka a wannan shekara rumbuna suka ƙare da wuri. Kafin sabon gero ya nuna, yunwa ta riga ta shiga wasu ƙauyuka, mutane sun koma tafasa da zogale da ɗan ƙuli-ƙuli. Sai aka ba ma'aikatarmu umarni ta kai dawar ci wasu ƙauyuka uku da ke bayan Dayi. Odar ta zo teburina, na buga ta, takardar lodi ta fito, aka aika Malumfashi. Har daɗi na ji a raina, na ce yau dai na'urar nan ta yi aikin lada.

Ba a jima ba, wata safiya ina shigar da rahoton da mai sito ke aiko mana na abin da ya fita da abin da ya rage, sai na ga wani abu da bai yi mini ba. Dawar ci tana nan yadda take, ba a taɓa ko buhu ba. Dawar iri kuwa ta ragu sosai. Na tsaya ina tunani. Muna tsakiyar marka, dawa ta kai ƙugu a gonaki, wa zai nemi iri yanzu? Abin da ya fara zuwa mini shi ne ko mai sito ya rubuta a layin da ba shi ba, ko kuma ɓeraye masu ƙafa biyu sun shiga. Na kai wa Oga. Ya duba, ya ce in ɗauko masa odar ƙauyukan nan. Na ɗauko. A jikinta an rubuta dawar ci da hannu, a gefe kuma lamba biyar.

Ya ce, "Malama, dawar ci ba huɗu ba ce?"

Na ce huɗu ce, Yallaɓai. Ya tashi ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba, ya nufi ofishin masu rubuta oda, na bi shi. Akawun wurin ya nuna mana wata takarda da aka manna a bango, har gefenta ya fara nannaɗewa. Sanarwa ce daga hedikwata. An fara harkar waken soya, an sa shi a lamba biyu, saboda haka duk abin da ke ƙasansa ya matsa gaba da ɗaya. Dawar ci ta koma biyar, dawar iri ta koma shida. An aiko wa masu rubuta oda, su kuma sun bi sabon tsari kamar yadda aka umarce su. Babu wanda ya yi tunanin ɗakin na'ura na da buƙatar sani. A ganin mutane na'ura ai ta san komai. Kuma da yake lokacin marka ciniki ya kwanta, wannan ce babbar oda ta farko tun bayan canjin. Tafintanmu yana nan da ilminsa na bara. Ya ji biyar, ya ce dawar iri.

Oga ya daɗe yana kallon bangon nan. Da ya juyo, na ga leɓensa ya bushe ya yi fari. A hankali ya ce, "Guba muka aika wa masu jin yunwa."

Ban san sadda na zauna a kan bencin akawu ba. Motar hatsi tun jiya ta bar sito.

Aka ruga ɗakin oba-oba, wato rediyon sadarwa, don a kira Malumfashi, ba a samu ba. Daga baya muka ji tsawa ce ta lalata tasu a ruwan daren jiya. Waya kuwa ba a ma maganarta. Oga ya ce babu abin yi sai mu tafi da kanmu, kuma dole in bi shi. Na ce ni kuma me zan yi a can? Ya ce in hatsin ya riga ya shiga gidaje, shi namiji ba shi da ikon wuce zaure, dole sai da mace da za ta shiga ta duba turmi da tukunya. Ban ko aika gida an faɗa wa mahaifiyata ba, na ja gyale muka fita.

Direban da ya ɗauke mu a a-kori-kura wani dattijo ne mai fara'a, wanda kullum in ya gan ni sai ya tsokane ni da 'yar Bayarabe mai buga injin. Oga bai faɗa masa komai ba, ya dai ce Malumfashi, kuma a yi sauri. Sai da muka wuce Bakori direban ya dube mu ya ce lafiya kuwa, ya ga babu mai magana. Oga ya gaya masa a taƙaice, ya kuma lissafa sunayen ƙauyukan. Da ya ambaci na farko, sai na ji motar ta yi wani ɗan tangaɗi. Ashe garinsu ne. Uwarsa tana can, da matarsa da 'ya'yansa. Ya ce jiya da yaran mota suka gaya masa za a kai hatsi garinsu har hamdala ya yi. Daga nan salati kawai nake ganin leɓensa na yi. Ni ina zaune a tsakiyarsu. Gonaki na wucewa kore shar, ni kuwa ba abin da nake gani sai tukwane a kan murhu.

A Malumfashi muka sami mai sito yana shan inuwa a bakin ƙofa. Da Oga ya tambaye shi, ya ɗauko takardar lodi ya nuna. Lambar dawar iri ce a jiki, da sunayen ƙauyuka, babu wani abu kuma. Ya ce shi ma ya yi mamakin masu neman iri a wannan lokaci, amma an sha ja masa kunne cewa abin da na'ura ta fitar shi ne, kada ya sa son ransa. Bai san na ci ba ne. Da ya gane abin da ake ciki, sai ya dafe kai ya durƙusa a wurin. Abin da ya fi ba ni tsoro daga baya in na tuna shi ne wannan: mai sito ya san iri ne, bai san ci za a yi ba. Mutanen ƙauye sun san ci za su yi, ba su san iri ne ba. Kowa da rabin maganar a hannunsa, takardar da ya kamata ta haɗa su kuwa lamba ce kawai a jikinta.

Muka wuce Dayi. A bakin hanya, kusa da masu shayi, muka hango babbar motar tamu a tsaye, an rufe ta da tamfol. Na ji wani sanyi ya ratsa ni, na ce Allah ya sa ba a sauke komai ba. Direban motar ya ce ruwa ne ya tare su jiya, rafuka suka cika, shi ya sa ya dawo nan yana jiran su janye. Amma kafin ruwan ya sauko sun samu sun sauke kason ƙauye ɗaya. Oga ya tambaye shi wanne. Ya faɗa. Dattijon direbanmu ya juya ya koma mota ba tare da ya dubi kowa ba.

Oga ya ba da umarni a mayar da sauran sito, a ɗoro dawar ci ta gaskiya a taho da ita ko ta halin ƙaƙa. Muka bar kwalta muka shiga burji, daga burji muka shiga taɓo. Inda hanyar ta ƙare mana shi ne bakin wani rafi da ya cika ya batse, ruwan ja wur yana tafe da karare da rassan itace. Mota ba za ta shiga ba. Ni ban iya ruwa ba, ko a tafki ban taɓa wanka ba. Direban ya saro wata doguwar gora, ya riƙe gaba, Oga ya riƙe baya, suka ce in kama tsakiya kada in saki ko me zai faru, kada kuma in kalli ruwan. Muka shiga. Ruwan ya kai mini ƙirji, yana ture ni kamar mutum, yashi na zamewa ƙarƙashin ƙafata. Takalmina ɗaya a nan ya tafi. Na yi kalmar shahada ban san adadi ba. Amma ko a tsakiyar rafin, tsoron abin da ke gabanmu ya fi na ruwan.

Da muka haura, tun daga nesa muka fara jin luguden taɓare. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san daɗin sautin nan, alama ce ta gari yana da abinci. Ni ranar ji na yi kamar a ƙirjina ake dakan. Ba turmi ɗaya ba, ba biyu ba, gari ne gaba ɗaya yake surfe. Direban ya jefar da gora ya sheƙa a guje, dattijo da shi, ya bar mu a baya.

Muka sami mai gari a zaurensa da wasu dattawa. Ya gan mu a jiƙe, ya fara yi mana barka da zuwa da godiya. Oga ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, ba lokacin gaisuwa. Dawar nan akwai guba a jikinta. A hana kowa ci." Allah ya yi wa mai garin nan rahama, bai tsaya dogon bincike ba. Ya ce da yake motar ta iso da magariba, sai yau da hantsi aka raba, yawancin gidaje tuwon dare suke shiri. Nan take ya sa aka kira mai shela, ya kuma ce ladan ya hau inda yake kiran salla ya faɗa da iyakar muryarsa. Ya haɗa ni da wata matarsa, muka fara bin gidaje.

Wannan shiga gidaje ita ce abu mafi wuya da na taɓa yi. Ka shiga ka tarar da mace ta surfa, ta bakace, ta wanke, yara sun zagaye ta suna kallon ƙwarya, idanunsu sun faɗa, ka ce mata ta zubar. Wasu suka yi ta kuka, wasu suka zage ni, suka ce mun kawo jiya don a yabe mu, yau mun zo karɓewa mu sayar. Wata tsohuwa ta zauna daram a kan kwandonta ta ce ba mai ɗaga ta. Ta ce mini, "'Yata, ai na wanke ta tas. Yunwa ma ai guba ce, kuma ita na fi sani." Na durƙusa ina roƙonta, ina ce mata Inna ki yi wa Allah, ba ni da wata hujja da zan nuna mata sai bakina.

Muna cikin haka sai muka ji wani irin kuka daga bayan ɗaki. Akuyarta ce, wadda ta ba ƙasarin da ta wanke dawar da shi. Ta faɗi tana shure-shure, kumfa na fita ta baki, idanunta sun juye. Muna tsaye muna kallo har ta miƙe ƙafafu. Tsohuwar nan ta tashi daga kan kwandon a hankali, ta dubi jikokinta, ta dube ni, ta ture mini kwandon da ƙafa. Labarin akuyar ya riga ni isa sauran gidajen. Daga nan mata da kansu suka riƙa fitowa da ƙore da kwanduna suna juyewa a ƙofar mai gari. Aka shiga kama kaji da awaki ana ɗaurewa, duk da haka an yi asarar da dama.

Na fara samun numfashi ke nan sai ga wata mata ta zo ta ja ni, ta ce ana nemana a gidan direba. Na shiga na tarar da shi durƙushe a ƙofar ɗaki, ya rungume uwarsa. Matarsa ta ce tsohuwar ta kwana biyu ba ta sa wani abin kirki a cikinta ba, shi ya sa da aka kawo rabo ta yi sauri ta niƙa kaɗan ta dama mata kunu, ta ce ta riƙe ciki kafin tuwo. Yaran suna gona, Allah ya tsare su. Tsohuwar ta haɗa gumi sharkaf, yawu na zuba, jikinta na karkarwa, ta yi amai har ta gaji. Matar tana ta maimaita cewa ita ta ba ta da hannunta. Direban ya ɗago ya ce mata ta yi shiru, tausayi ne ya sa ta, ba ita ta sa magani a dawa ba. Da ya faɗi haka ban iya haɗa ido da shi ba, ko da yake ba ni yake nufi ba.

Aka ciro ƙyauren ɗaki aka kwantar da ita, samari suka ɗauka a ka. Kafin mu tafi na ji wani dattijo yana tambayar Oga a gaban jama'a, ya ce to yanzu me za su ci, kuma in an kawo wata, ta yaya za su yarda da ita? Oga ya ce shi ba zai bar garin ba sai dawar ci ta iso, kuma tuwon farko da za a tuƙa da ita shi zai fara sa loma. Haka kuwa aka yi, a can muka bar shi da jiƙaƙƙun kaya.

Yadda aka haye rafin nan da tsohuwa a kan ƙyaure, ni dai ban san yadda aka yi ba, na san dai mun haye. A bayan a-kori-kura na zauna, na ɗora kanta a cinyata, na karkata ta gefe don kada amai ya shaƙe ta. Duk ramin da muka faɗa sai in sa kunne a bakinta in ji ko tana numfashi. Wani lokaci sai ta yi shiru ɗif, in girgiza ta in ce Inna, Inna, sai ta ɗan motsa. Ban taɓa sanin tsakanin Dayi da Malumfashi akwai nisa haka ba. Da muka isa asibiti, abin da ya taimaka shi ne mun san irin maganin da ke jikin dawar, mai sito ya kawo gwangwaninsa aka nuna wa likita. Ta daɗe a kwance, amma ta tashi. Sai dai hannuwanta ba su daina rawa ba har ta koma ga Allah bayan wasu shekaru. Wasu yara da suka ɗan tauna tsaba a gindin turmi su ma an kawo su, aka sallame su da wuri.

Na ɗauka abin ya ƙare a nan. Da Oga ya dawo Funtua, ya rame kamar wanda ya yi jinya, ya rufe ƙofar ɗakin na'ura ya ce mini akwai sauran magana. Sun tara buhuna, sun auna abin da aka dawo da shi, sun haƙa rami mai zurfi sun binne. Amma buhu ɗaya bai fito ba. Wani magidanci mai iyali da yawa, wanda rabonsa ya kai buhu cur, ya sayar da shi tun da hantsi ga wani mai jaki da ke bin ƙauyuka yana sayen hatsi, don matarsa ba ta da lafiya yana neman na magani. Bai san sunan mai jakin ba, bai san garinsu ba, ya dai ga ya yi kudu.

An yi shela a kasuwar Dayi, an yi a Malumfashi, an yi har Danja. An gaya wa sarakunan kasuwa da 'yan awo su lura da buhu mai jan layi. Shiru. Duk wanda ya san harkar hatsi ya san buhu ba ya daɗewa a buhu. Ana farke shi a juye cikin tsibi, a gauraya da wata, a auna mudu-mudu, kowa ya ƙulla a gefen zane ya yi gida.

Watannin da suka biyo baya ban san yadda zan kwatanta su ba. In na ji an ce wani ya kwanta lafiya ya tashi babu rai a wani ƙauye, sai in shiga tambayar me ya ci. In mahaifiyata ta auno dawa, sai na zuba a tafin hannu na murza na sansana, har ta fara tunanin ko iska ce ta taɓa ni. Tuwon dawa kuwa na daɗe ban iya haɗiye shi ba. Direban bai taɓa faɗa mini magana marar daɗi ba, amma tsokanar nan tasa ta ɗauke, sai gaisuwa kawai, kuma ban ga laifinsa ba.

An turo masu bincike daga hedikwata. Suka tambayi kowa, suka duba takardu, a ƙarshe suka rasa wanda za su kama, domin babu wanda ya karya doka. Hedikwata ta canja jerinta ta sanar, akawu ya bi sabon jeri, ni na buga abin da aka rubuta, na'ura ta bi jadawalinta, mai sito ya bi takarda. Ni da Oga muka sake zama kan jadawalin nan. Muka sa masa ranar da aka tsara shi da jerin da ya dace da shi, yadda in oda ta zo da wani jeri daban na'ura za ta ƙi karɓa. Muka sa ta riƙa buga sunan hatsi da abin da za a yi da shi baro-baro kusa da lamba. Oga ya yi ta rubutu har hedikwata ta yarda cewa lambar da aka taɓa ba wani abu tasa ce har abada, sabon abu ya je ƙarshen layi ya karɓi sabuwa. Buhunan iri kuwa aka riƙa rubuta musu guba da manyan baƙaƙe, da boko da ajami. Bayan wannan an sake canja tsarin sau da dama kafin in bar aiki, don harka ba ta tsayawa wuri ɗaya. Duk sadda aka canja, sai mun ajiye komai mun bi jadawalin layi-layi, mun gwada shi da tsofaffin odoji, sannan in shiga mota in je Malumfashi in zauna da mai sito mu karanta tare.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, abin da yake daidai jiya yana iya zama ajalin wani yau, ba don ya lalace ba, sai don abin da ke gefensa ya matsa shi bai matsa ba. Na'ura ba ta ƙarya, amma maganar da ka gaya mata bara ita za ta riƙe har sai ka koma ka gaya mata an canja. Saboda haka duk wanda zai sauya wani abu, ko lamba ɗaya ce, ya tsaya ya tambayi kansa wa ke can wani gefe yana aiki da ta jiya, ya taka ya je ya same shi. Mu mun je, amma a makare, Allah ne ya rufa asiri muka tarar da gari bai ɗora tukunya ba. Buhun nan ɗaya kuwa, har yau da furfura ta cika mini kai, ban san cikin wa ya shiga ba.